Ƙananan Rance da Sana'o'in Mata a Kewayen Masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci rawar da ƙananan rance ke takawa wajen bunƙasa sana'o'in mata masu ƙaramin ƙarfi da ke zaune a kewayen rukunonin masana'antu uku na Kano. An bi hanyar bitar ayyukan masana da manufofin gwamnati, aka auna su da yanayin sana'o'in yankin. Maƙalar ta gano cewa tsarin rancen, wato lokacin biya da sigar bayarwa da wanda ke iko da kuɗin, ya fi yawansa tasiri a kan makomar sana'ar mace.

Fitilun kalmomi: rance, jari, adashi, mata, masana'antu, Kano

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1976 Muhammad Yunus ya ranta wa mutum 42 dala 27 a ƙauyen Jobra na Bangaladash. Daga nan Bankin Grameen ya samo asali, ya zama cikakken banki a 1983, kuma mafi yawan masu karɓar rancensa mata ne. Bayan Yunus da bankin sun sami kyautar Nobel ta 2006, mutane da dama sun ɗauka an samo maganin talauci. Najeriya ma ta bi sahu: an kafa People's Bank a 1989, bankunan al'umma a 1990, sannan Babban Bankin Najeriya ya fitar da manufar bankunan ƙananan rance a 2005, ya yi mata kwaskwarima a 2011. A 2013 ya ƙaddamar da asusun naira biliyan 220 na ƙanana da matsakaitan sana'o'i, aka ware wa mata kashi 60 cikin ɗari. A 2018 shirin TraderMoni ya riƙa ba ƙananan 'yan kasuwa naira 10,000. Tambayar wannan maƙala ita ce: a wane yanayi ne irin wannan rance ke ɗaga sana'ar mace a Kano, kuma a wane yanayi yake durƙusar da ita?

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Masana sun daɗe da nuna cewa matan Hausawa ba baƙin kasuwanci ba ne. Polly Hill (1969) ta bayyana irin cinikin hatsi da abinci da matan kulle ke yi a cikin gidaje a Ɓatagarawa ta ƙasar Katsina. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa tallar yara ce ke haɗa matar da ke cikin gida da masu saye. Tun kafin zuwan bankuna, adashi da biki ne hanyoyin tara jari a tsakanin mata.

A ɓangaren rance kuwa, Banerjee da Karlan da Zinman (2015) sun tattara gwaje-gwaje shida daga Indiya, Maroko, Habasha, Meziko, Mongoliya da Bosniya. Sun iske rancen na da ɗan amfani, amma bai sauya rayuwar mafi yawan masu karɓa ba. A Siri Lanka, De Mel da McKenzie da Woodruff (2009) sun ga ƙarin jari ya haɓaka ribar maza sosai, ta mata kuwa kusan ba ta motsa ba. Bernhardt da abokan aikinta (2019) sun bayyana wani ɓangare na dalilin: sau da yawa kuɗin matar a sana'ar mijinta yake ƙarewa. A Ghana, Fafchamps da abokan aikinsa (2014) sun gano cewa ba mace kayan sana'a ya fi ba ta tsabar kuɗi amfani. A Kolkata kuma, Field da abokan aikinta (2013) sun nuna cewa jinkirta fara biya da wata biyu ya ƙara ribar masu rance.

3.0 Muhallin Nazari

Bompai ce mafi daɗewa cikin rukunonin uku, domin tun zamanin mulkin mallaka aka fara kafa kamfanoni a cikinta. Sharaɗa ta yi fice da kamfanonin roba da na abinci, Challawa kuma da kamfanonin jimar fata. Daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 zuwa yau, ƙarancin wutar lantarki da kwararowar kaya masu arha daga waje sun sa kamfanoni da yawa, musamman masaƙu, sun rufe. Nauyin gidaje da dama a unguwanni irin su Dakata da Ja'en da Panshekara ya koma wuyan mata.

Sana'o'in matan yankin iri uku ne. Akwai masu dogaro da albashin leburori, kamar masu tuwo da masu ƙosai da kunu a bakin ƙofar kamfani. Akwai masu kai wa kamfani kaya, kamar masu tsince robobi da leda su wanke a auna a sikeli. Sai masu sarrafawa a gida, kamar masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da masu ɗinki da ke saro yadi a Kantin Kwari.

4.0 Tattaunawa

4.1 Lokacin biya

A duba mai sayar da abinci a bakin kamfani. Takan tashi tun asuba ta ɗora tukunya, da rana leburori su cika bencinta, amma da yawansu a littafi ake rubuta su sai albashi ya fito. Shinkafa da mai da gawayi kuwa kullum sai ta biya kuɗi hannu. In an ba ta rancen da ake biya mako-mako, daga cikin uwar kuɗi za ta riƙa zara tana biya, tun kafin ribarta ta shigo. Idan kamfanin ya jinkirta albashi ko ya tsaya saboda rashin wuta, sai ta ci wani bashin don ta biya na farko. Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin lura shi ne ko lokacin biyansa ya yi daidai da lokacin shigowar kuɗi.

4.2 Tsadar rance

Yadda ake lissafin kuɗin ruwa yakan ɓoye ainihin tsadarsa. Misali, rancen naira 100,000 na wata shida, a kan kashi 5 cikin ɗari na uwar kuɗin duk wata, zai jawo ƙarin naira 30,000. Tun da matar tana rage bashin a hankali, kuɗin da ke hannunta a tsawon lokacin bai wuce rabi da 'yan kai ba, don haka tsadar ta kusa ninkawa. Hauhawar farashi, wadda ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024 bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, ta ƙara zaizaye jarin: kuɗin da ya sayi buhun gyaɗa a 2023 bai iya sayen sa a 2024 ba.

4.3 Kuɗin ruwa da addini

Mata da yawa na ƙaurace wa rance ne saboda gudun riba da Musulunci ya haramta. Wannan ba cikas ba ne da ya gagari magani. Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin bankin da ba ruwansa da kuɗin ruwa a 2011, Bankin Jaiz kuma ya fara aiki a 2012. A tsarin murabaha, banki ne ke sayen keken ɗinki ko injin matsar mai, ya sayar wa matar a kan ribar da aka yi ittifaƙi, ta biya a hankali. Wannan ya dace da shari'a, ya kuma dace da abin da binciken Ghana ya nuna.

4.4 Iko da kuɗi

Tsabar kuɗi a ɗakin mace masu jiran ta suna da yawa: cefane, asibiti, kuɗin makaranta, kayan ɗakin 'ya, ko maigida da aka sallama daga aiki. Dukkansu buƙatu ne na gaskiya, kuma kunya ba ta barin ta ta hana. Keken ɗinki kuwa ba ya gutsuruwa.

5.0 Shawarwari da Kammalawa

Na farko, masu ba da rance su daidaita lokacin biya da juyin kuɗin kowace sana'a, su kuma ba da wa'adi kafin a fara biya. Na biyu, a fifita ba da kayan aiki ta hanyar murabaha. Na uku, a gina a kan adashi, domin uwar adashi ta fi kowane jami'in banki sanin mai cika alkawari. Na huɗu, kamfanonin da ke aiki su ƙulla yarjejeniyar saye da ƙungiyoyin mata, ta yadda takardar odar za ta tsaya a matsayin jingina.

Rance ba ya ƙirƙirar masu saye. Muddin injuna na tsaye a Sharaɗa da Challawa da Bompai, cinikin matan kewayensu zai kasance taƙaitacce. Saboda haka gyaran tsarin rance da farfaɗo da masana'antu aiki ɗaya ne, kuma ana buƙatar binciken fili mai bin sawun matan tsawon shekaru domin auna sakamakonsa.