Kwana 90 ba biza: tarihin ƙetare iyaka tsakanin Katsina da Maraɗi

Wanda ya taso daga Katsina za shi biki ko ta'aziyya Maraɗi, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba, ba ya zuwa ofishin jakadancin kowa neman biza. Zai bi ta Jibiya, ya tsaya wurin jami'an shige da fice a Magama, ya tsallaka zuwa Ɗan Isa. Abu biyu ƙa'ida ta ce a tambaye shi: takardar tafiya wadda wa'adinta bai ƙare ba, da katin allurar rigakafin shawara. Idan ya nuna su, yana da izinin zama har kwana 90. Asalin wannan ƙa'ida yarjejeniya ce da aka rattaba wa hannu a Dakar, ranar 29 ga Mayu 1979, kuma akasarin masu cin moriyarta ba su taɓa jin sunanta ba, domin a wurinsu zuwa Maraɗi bai taɓa zama abin da sai gwamnati ta yarda ba.

Ana yawan cewa kafin zuwan Turawa babu iyaka a ƙasar Hausa. Maganar tana da daɗin ji, amma tarihi bai goyi bayanta duka ba. Bayan da birnin Katsina ya faɗa hannun jama'ar Shehu a 1807, tsofaffin sarakunan suka yi arewa, kuma wajen 1819 Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi, inda har gobe ake kiran sarkin garin Sarkin Katsina. Gobirawa su ma suka kafa Tsibiri a maƙwabta. Tsakanin waɗannan garuruwa da ƙasar daular Sakkwato akwai daji, akwai mahara, kuma Katsinawa ba su manta da yaƙe-yaƙen sarkin Maraɗi Ɗan Baskore ba. Ayarin fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro kuwa, madugu ne ke biya musu kuɗin fito a ƙasar kowane sarki da suka ratsa. Ke nan iyaka tana nan, kuma tana da tsada. Abin da ya bambanta shi ne irin tambayar da ake yi wa baƙo. Me ka ɗauko, wa ye mai masaukinka? Fatoma ko maigidan da ya sauke ka shi ne shaidarka, shi zai tsaya maka idan magana ta taso. Ba wanda ke ƙirga maka kwanaki.

Layin da muke tsallakawa yau a kan tebur aka ja shi, kuma sai da aka ja shi sau da dama. A watan Agusta 1890 Ingila da Faransa suka amince da layi daga Say a bakin Kwara zuwa Baruwa a bakin tafkin Chadi, alhali ba su san ƙasar da suke rabawa ba. A 1898 suka sake zama, aka zana rabin da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato, aka ce duk abin da ke ciki na Ingila ne. Faransawa suka ga an bar su da hanyar da babu rijiyoyi tsakanin kogin Kwara da Damagaram, suka yi ta ƙorafi har aka gyara a 1904 da 1906, aka tura layin kudu. A wannan gyaran ne Maraɗi da Birnin Ƙonni suka tabbata a hannun Faransa. Daga 1906 zuwa 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasar suna kafa turaka 148. Ruwan da sojan Faransa zai sha a hanya shi ya yanke wa dubban gidaje hukuncin ƙasar da jikokinsu za su riƙe wa fasfo.

Duk da haka, a zamanin mulkin mallaka turakun ba su hana kowa wucewa ba. Jami'ai kaɗan ne, iyakar kuma ta kai kusan kilomita 1,500. Harajin Faransa da aikin tilas da ɗibar soja sun sa ƙauyuka da dama sun kwashe kayansu sun dawo ɓangaren Ingilishi, kuma ba a soke aikin tilas a ƙasashen Faransa ba sai 1946. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta riƙa gangarowa kudu, 'yan cin rani suna biye da ita, almajirai kuma suna tafiya Kano da Zariya neman karatu kamar yadda iyayensu suka yi.

Abin da ya sauya lamarin shi ne 'yancin kai. A 1960 aka wayi gari akwai ɗan ƙasa akwai baƙo, kuma kowace sabuwar gwamnati ta yi dokar shige da ficenta. Hausawa sun ɗanɗana ma'anar wannan tun da wuri. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia a Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice. Mutanen zango na Kumasi da Accra, waɗanda kakanninsu suka je can tun zamanin fataucin goro, da yawansu suka tsinci kansu a manyan motoci ana mayar da su ƙasashen da wasu ba su taɓa gani ba. Najeriya da Nijar sun fara neman mafita tsakaninsu: Janar Yakubu Gowon da Diori Hamani, wanda ya tsaya wa gwamnatin tarayya lokacin yaƙin basasa, suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu a 1971, mai mazauni a Yamai. Sannan Gowon da Gnassingbé Eyadéma na Togo suka zagaya yankin suna tallata babbar ƙungiya, har aka kafa ECOWAS, wadda a Nijar ake kira CEDEAO, a Legas ranar 28 ga Mayu 1975.

Yarjejeniyar Dakar ta 1979 ta tsara matakai uku da za a cimma cikin shekara 15. Na farko shi ne 'yancin shiga da soke biza, kuma ya fara aiki a 1980. Na biyu 'yancin zama, wanda aka sa wa hannu a Abuja a 1986. Na uku 'yancin kafa sana'a, a Banjul a 1990. Matakin farko ne kaɗai ya yi jijiya sosai, kuma ko shi yana da sharuɗɗa da mutane ba su cika lura da su ba. Dole a shiga ta mashigar da hukuma ta sani. Wanda zai wuce kwana 90 sai ya nemi ƙari. Izinin na ziyara ne, bai ba mutum damar kama aiki ba. Sai kuma sashe na 4, wanda ya bar wa kowace ƙasa ikon hana duk wanda dokarta ta cikin gida ta ce ba a so. Shugabannin sun buɗe ƙofa, amma kowa ya riƙe makulli a aljihunsa.

Ba a jima ba aka ga amfanin makullin. Kuɗin mai ya faɗi, ayyuka suka yi ƙaranci, ga zaɓe yana tafe. Tun bayan rikicin Maitatsine na Disamba 1980 a Kano, inda alƙaluman hukuma suka ce mutum 4,177 sun mutu, ake ta ɗora laifin rashin tsaro a kan baƙi, duk da cewa shi Maitatsinen, wato Muhammadu Marwa, asalinsa Kamaru ne, ƙasar da ba ta cikin ECOWAS. Ranar 17 ga Janairu 1983 ministan cikin gida na gwamnatin Shehu Shagari, Alhaji Ali Baba, ya ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar Najeriya. Kimanin mutum miliyan biyu suka fita, wajen rabinsu 'yan Gana, sauran kuma har da 'yan Nijar masu yawa: masu gadi, 'yan ga-ruwa, masu shayi, leburori. Hujjar gwamnati ita ce sun wuce kwana 90 ba su sabunta izini ba. A kan takarda ba a karya yarjejeniya ba. Amma mutumin da ba a taɓa buga masa hatimin shiga ba, domin ta gonar ƙanen babansa ya shigo, daga wace rana za a fara ƙirga masa kwanakin?

Abin da ya biyo baya ya fi zafi ga mutanen iyaka. A watan Afrilu 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa lokacin canjin kuɗi, kuma ba a buɗe ba sai Maris 1986, zamanin Janar Ibrahim Babangida. Rufewar ta faɗo daidai da mummunan fari. Talakan Nijar da ya saba idan damina ta ƙi sai ya gangara Kano ko Katsina ya yi cin rani ya aiko da hatsi, ya iske hanya a toshe. Mutanen Nijar sukan sa wa kowace yunwa suna, kuma ta wannan shekara El-Buhari suka kira ta. Duk mai son ya san matsayin iyakar nan a rayuwar mutane, ya tsaya ya yi tunani a kan wannan suna.

A gefe guda kuma ECOWAS ta mayar da hankali kan takardu. An ƙirƙiro katin inshorar mota mai ruwan ƙasa a 1982, domin direba ya ratsa ƙasashe da inshora ɗaya. A 1985 aka fito da takardar tafiya ta ECOWAS, ɗan littafi mai wa'adin shekara biyu wanda ya fi fasfo sauƙin samu. A 1998 aka yi wa makiyaya takardar ƙetare iyaka da dabbobi. A 2000 aka amince da fasfo na bai ɗaya, a 2014 kuma da katin shaida mai ɗauke da hoton yatsu, wanda Senegal ta fara bayarwa a 2016. Ci gaba ne na gaske, kuma ɗan kasuwa ko ɗalibi mai takardu ya amfana. Sai dai mafi yawan masu tsallakawa kullum ba su ne ke da waɗannan takardu ba. Matar da ke kai ƙuli-ƙuli kasuwar Jibiya, da mai jan raƙumi zuwa Maigatari ranar Alhamis, da tsohon da za shi asibiti, da yawansu ko takardar haihuwa ba su da ita. Rashin takarda shi ke mayar da haƙƙi ya zama alfarma, alfarmar kuma a shingayen hanya ake sayar da ita, naira kaɗan a nan, sefa kaɗan a can. A ganina nan ne babban giɓin yarjejeniyar yake: an rubuta ta domin matafiyi mai fasfo, alhali mutanen da suka fi buƙatarta maƙwabta ne.

Duk da wannan giɓi, bai kamata a raina abin da aka yi a Dakar ba. Turawa ba su sa hannu kan yarjejeniyar Schengen ta buɗe iyakoki tsakaninsu ba sai 1985, ba ta kuma fara aiki ba sai 1995. Amurka ta yi dokar yafe biza ga baƙin da ba za su wuce kwana 90 ba a 1986, ta fara da Birtaniya da Japan a 1988, kuma babu ƙasar Afirka ko ɗaya a jerin. Ɗan Maraɗin da ɗan'uwansa ke zaune a Greensboro ta jihar Karolina ta Arewa, garin da 'yan Nijar da dama suka yi kaka-gida, in zai ziyarce shi sai ya cika takardu, ya biya kuɗi, ya zauna gaban jami'i ya gamsar da shi cewa zai dawo, kuma ana iya hana shi. Shi ɗin ne kuma zai hau mota ya je Kano ko Kwatano ko Accra ba tare da ya roƙi kowa ba.

A 'yan shekarun nan an sake rufe ƙofar sau biyu. A watan Agusta 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa domin hana fasa-ƙwaurin shinkafa da fetur, har ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, wanda ya jefa garuruwa irin su Jibiya da Illela cikin wahala. An fara buɗewa a Disamba 2020, da Illela da Maigatari a rukunin farko. Sai juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da Janar Abdourahamane Tiani ya kifar da Mohamed Bazoum. A wannan karon ECOWAS ɗin da ta yi dokar buɗe iyaka ita da kanta ta ba da umarnin rufewa, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, aka kuma fara maganar tura soja. Jihohi bakwai ne ke iyaka da Nijar, daga Kebbi har Borno, kuma daga cikinsu da maƙwabtansu ne adawar ta fi ƙarfi. Sanatocin arewa suka ce ba su yarda da yaƙi ba. Sarki Muhammadu Sanusi na II ya je Yamai ya gana da Tiani tare da Sarkin Damagaram, ayarin malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ya bi baya. Manyan motoci suka yi jerin gwano a mashigai, albasa tana ruɓewa a ciki. Ba a ɗage takunkumin ba sai 24 ga Fabrairu 2024, iyakar kuma ta buɗe a watan Maris.

Kafin nan Nijar da Mali da Burkina Faso sun riga sun kafa ƙawancensu na AES, sun kuma sanar da ficewa daga ECOWAS, ficewar da ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. Ke nan yarjejeniyar Dakar ba ta ɗaure Nijar yanzu. Abin da matafiyin Katsina ke dogaro da shi sanarwa biyu ce. A Disamba 2024 ƙasashen AES suka ce 'yan ECOWAS za su ci gaba da shiga ba biza, tare da riƙe ikon hana wanda ba sa so, wato sashe na 4 ya dawo da sabuwar riga. ECOWAS ita ma ta ce za a ci gaba da karɓar fasfo da katin 'yan ƙasashen uku, su shiga ba biza, har sai an ba da wata sanarwa. Kowane ɓangare yana iya janye tasa da safe ɗaya, ba tare da ya saɓa wa wata yarjejeniya ba.

Ana cikin wannan hali ne ake shimfiɗa layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairu 2021, zai kuma bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Hukumar haɗin gwiwar da Gowon da Diori suka kafa ta girmi ECOWAS da shekara huɗu, kuma ficewar Nijar ba ta rushe ta ba. A teburinta ya dace Abuja da Yamai su rubuta, da sa hannun ɓangarorin biyu, irin takardar da fasinjan wannan jirgi zai nuna a Jibiya, da kuma irin wadda za a karɓa daga hannun mutanen ƙauyukan iyaka da ba su da fasfo.