Daga Baitulmali zuwa Asusun Fansho: Wa Ke Biyan Albashin Ma'aikaci?

Maƙalar wannan mako za ta waiwayi tarihin albashi da fansho a ƙasar Kano, ta fuskar manomin Minjibir, domin da guminsa aka fara biyan su.

Kafin zuwan Turawa a 1903, masu sarauta ba su da albashi. Hakimai suna zaune a birni, jakadunsu ke fita karkara su tattaro kuɗin ƙasa, da na shuka, da na karofi, kowa ya ɗebi rabonsa kafin sauran ya isa fada. Wajen 1909, zamanin Sarkin Kano Abbas, aka kafa Baitulmali. Daga nan aka riƙa raba haraji biyu, rabi na gwamnatin Turawa, rabi na En'e. Daga rabin En'e aka yanka wa Sarki fam 4,800 a shekara, aka sa wa hakimai da alƙalai da dogarai albashi.

Ina kuɗin ke fitowa? Daga garuruwa irin namu. Karkarar da ta kewaye birnin Kano cike take da jama'a, gona na manne da gona, ba a barin saura, sai dai a yi ta zuba taki kowace shekara. Saboda haka a wannan yanki aka ƙaddamar da awon gonaki, malaman taki suna auna gona da ƙafa, a yanka wa mai ita haraji. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama hanyar samun kuɗin biya, masaƙan Minjibir kuma suna biya da abin da allon saƙa ya ba su. Matsalar ita ce albashi tsayayye ne, damina kuwa ba ta da tabbas. Da farashin gyaɗa ya faɗi warwas a farkon shekarun 1930, mai karɓar haraji bai daina zuwa ba. Wasu suka sayar da awaki, wasu suka jinginar da gona, wasu suka tafi cin rani.

Wannan raɗaɗin na cikin abin da ya ba NEPU farin jini bayan kafa ta a 1950. Duk da zaluncin da ke ciki, akwai abu ɗaya da talaka ya sani sarai a lokacin: kuɗinsa ne a aljihun malamin hakimi, ga rasit a hannunsa.

Man fetur ne ya sauya lissafin. Bayan rahoton kwamitin Udoji na 1974, gwamnatin Gowon ta yi wa ma'aikata gagarumin ƙarin albashi har da ariyas. Kaya suka yi tashin gwauron zabo, manomin da bai ga ko kwabo na Udoji ba ya sayi gishiri da kananzir a sabon farashi. A 1976 aka maye gurbin En'e da ƙananan hukumomi masu jiran kaso daga tarayya. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, talakawa suka yi murna, kuma sun cancanci yin ta. Sai dai tun daga nan mutane suka fara ɗaukar albashi a matsayin kuɗin gwamnati, ba nasu ba, bin ba'asi kuma ya ragu.

Fansho ya fi albashi wuyar sha'ani, domin alkawari ne da ake ɗauka yau, wata gwamnati ta cika bayan shekara 35 na aiki. A tsohon tsari ba a ajiye komai, daga kasafin kowace shekara ake biya, har bashi ya taru ya fi ƙarfin gwamnatoci. Shi ya sa tarayya ta kawo dokar fansho ta 2004 a zamanin Obasanjo, Kano kuma ta yi tata a 2006 a zamanin Malam Ibrahim Shekarau, aka kafa Asusun Amintattun Fansho, ma'aikaci na zuba kashi 8 cikin 100 na albashinsa, gwamnati na ƙara nata. Tsarin na tafiya ne muddin abin da aka cire yana isa asusun, kuma ba a taɓa shi don wata hidima. Gwamnatin da ta hau a 2023 ta ce ta gaji bashin garatuti na kusan naira biliyan 48, ta kuma fara biya kashi-kashi. A 2024 mafi ƙarancin albashi a Kano ya koma naira 71,000.

To wa ke biya yau? Har yanzu manomin nan ne, ta hanyar da ba rasit: harajin VAT na kashi 7.5 a kan katin waya da siminti, kuɗin mai tun bayan cire tallafi a 2023, da kuɗin shiga na kasuwa. Idan kuma aka biya tsohon bashi da kuɗin bana, ya sake biya da ajin da ba a gina ba da asibitin da ba magani. Shi kuwa ba shi da fansho sai gonarsa da 'ya'yansa.

Kada a ɗauka faɗa ne tsakanin manomi da ma'aikaci. Malamin firamaren da ya yi ritaya yana jiran haƙƙinsa shekara da shekaru ɗan gidanmu ne, sau da yawa ma gida ɗaya suke ci da manomin. Duk biyun alkawarin da ba a yi wa tanadi ba ne ke cutar su.

Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, muna da hujjar tambaya: nawa ke shigowa Minjibir duk wata, nawa ke tafiya albashi, ma'aikata nawa ne na gaske, kuma ana zuba kason fansho a kan kari? Wanda ya gaji rasit ɗin haraji na kakansa, ya ɗora mana hotonsa a ƙasa. Allah Ya ba dattawanmu haƙƙinsu suna raye.