Kenneth Ize

Kenneth Ize mai tsara tufafi ne ɗan Najeriya, wanda aka haifa a Legas a shekarar 1990. Ya tashi a ƙasar Ostiriya, inda ya yi karatun zayyanar tufafi a birnin Biyenna. Ya yi suna ne da ɗinka kwat da wando irin na Turawa da aso-oke, saƙin hannu na Yarabawa da aka saba gani a bukukuwa.

A 2019 ya kai zagayen ƙarshe na gasar LVMH, sannan ya baje kolinsa a birnin Paris a watan Fabrairun 2020. Ya buɗe wurin saƙa a Ilorin domin sana'ar ta ɗore, masaƙa su ci gaba da cin abinci da ita duk da yadin inji mai araha da ya mamaye kasuwanni.