Glenda Jackson: ƴar magini da hukumar garinsu ta biya wa karatu

A ƙarshen kowace shekarar karatu, idan sakamakon jarrabawa ya fito, akwai ɗalibai mata da nakan rasa abin da zan faɗa wa iyayensu. Yarinya ce mai kai, mai baki, amma takarda ta ce ba ta ci ba. A irin wannan lokaci nakan tuna da wata mata ƴar Ingila, Glenda Jackson, wadda ta rasu ranar 15 ga Yuni 2023 tana da shekara 87.

An haife ta a 1936 a Birkenhead, kusa da Liverpool. Mahaifinta magini ne, mahaifiyarta tana aikin share-share da aikin kanti, kuma ita ce babba cikin ƴaƴa mata huɗu. Ta zo a kan gaɓa: dokar ilimi ta 1944 ta mai da karatun sakandare kyauta a Ingila, don haka ƴar magini ta samu shiga makarantar ƴan mata ta West Kirby. Amma ba ta yi wani abin a zo a gani ba. Tana da shekara 16 ta bar makaranta, ta kama aiki a kantin magani na Boots, ta yi shekara biyu a bayan tebur. Da yamma takan je wata ƙungiyar masu wasan kwaikwayo ta unguwa, inda ba a biyan kowa ko sisi.

A 1954 aka ɗauke ta a RADA, babbar makarantar koyon wasan kwaikwayo ta Landan. Gidansu ba su da kuɗin da za su kai ta, hukumar yankinsu na Cheshire ce ta ɗauki nauyin karatun. Wannan shi ne wurin da na fi tsayawa a labarinta. Wasu ma'aikata sun zauna a ofis, sun ga takardar wata mai sayar da magani wadda ba ta yi fice a aji ba, tana neman kuɗin jama'a don ta koyi wasan kwaikwayo, suka sa hannu. Da sun ƙi, babu wanda zai zarge su.

Kuma ba nan take abin ya haifar da ɗa mai ido ba. Bayan ta gama, ta yi shekaru tana yawon ƙananan gidajen wasa, wani lokaci babu aikin ma sam, sai ta yi hidimar kai abinci a gidajen cin abinci. Masu ɗaukar ƴan wasa a wancan zamani kyakkyawar fuska suke nema, ita kuwa abin da take da shi murya ce mai kaifi da ido mai tsoratarwa. Sai a 1964 Peter Brook ya ba ta matsayin Charlotte Corday, matar da ta kashe Marat a juyin juya halin Faransa, a wasan Marat/Sade. Daga nan aka san da ita.

Ta ci kyautar Oscar sau biyu, da fim ɗin Women in Love na 1969 da A Touch of Class na 1973, kuma duk biyun ba ta je bikin karɓa ba. Talakawan Birtaniya kuwa a talabijin suka san ta. A 1971 BBC ta nuna Elizabeth R, kashi shida, inda ta fito a matsayin sarauniya Elizabeth ta ɗaya tun ƙuruciya har tsufa. Ta aske gashin gaban goshinta don ta yi kama da hotunan sarauniyar. A shekarar dai ta fito a shirin barkwanci na Morecambe da Wise tana kwaikwayon Cleopatra, nan ne mai shirya A Touch of Class ya gane ashe ta iya ba da dariya.

A 1992 ta ajiye wasan baki ɗaya, ta tsaya zaɓe a jam'iyyar Leba, ta ci kujerar Hampstead da Highgate. Shekara 23 ta yi a majalisa. Ta riƙe ƙaramar ministar sufuri daga 1997 zuwa 1999 ƙarƙashin Tony Blair, daga baya ta zama cikin masu caccakarsa kan yaƙin Iraƙi. A zaɓen 2010 da ƙuri'a 42 kacal ta tsira. A Afrilun 2013, da majalisa ta zauna yabon Margaret Thatcher bayan rasuwarta, ta miƙe ana yi mata ihu ta ba da labarin makarantun gwamnati a zamanin Thatcher, inda malamai ke liƙa yagaggun littattafai da salatif. Duk malamin da ya taɓa raba littafi ɗaya ga yara biyar ya san abin da take nufi.

Sai dai ba zan ɓoye abin da ke damuna ba. A 1998 gwamnatin Blair ta kawo biyan kuɗin jami'a, fam dubu a shekara, aka kuma bi da soke tallafin da ake ba ɗalibai ana mai da shi bashi. A lokacin tana minista a gwamnatin. Ba ma'aikatarta ba ce, na yarda, amma ƙofar da ta shiga ce ake ƙuntatawa, kuma ba ta sauka daga kujerarta a kan haka ba.

Ta bar majalisa a 2015. Shekara guda bayan haka, tana da shekara 80, ta hau dandalin Old Vic a matsayin Sarki Lear na Shakespeare, matsayin namiji, wasan da ya haura awa uku. Ta ci kyautar Tony a New York a 2018, sannan BAFTA da Elizabeth Is Missing, inda ta fito a tsohuwa mai cutar mantuwa tana neman ƙawarta. Fim ɗinta na ƙarshe, The Great Escaper, tare da Michael Caine ta yi shi, ya fito watanni kaɗan bayan rasuwarta.