Goge da Hannun da Ya Haɗa Shi

Duk wanda ya tashi a ƙasar Katsina da wuya a ce bai taɓa jin sunan Garba Liyo mai goge ba, ko Ibrahim Na Habu da Garba Supa da Hassan Wayam masu kukuma. To amma idan aka tambaye mu wane ne ya haɗa gogen da suka yi suna da shi, sai mu yi tsit. Wannan shirun shi ne abin da muke so mu duba.

A garin Kiremona na ƙasar Italiya ba haka abin yake ba. Tun cikin ƙarni na 16 Andrea Amati ya kafa gidan sassaƙa gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, 'ya'ya da jikoki suka gada. Daga baya Antonio Stradivari, wanda ya rasu a 1737, ya ɗaukaka sana'ar. Al'adarsu ita ce su liƙa 'yar takarda a cikin gogen, ɗauke da suna da shekara. Albarkacin wannan takarda da ingancin katako, wani goge da ya sassaƙa a 1721 an sayar da shi fam miliyan 9.8 a 2011.

Namu gogen kuwa ba gida ɗaya ke haifar da shi ba. Manomi ne ke shuka duman da za a fafe a sami ƙwarya. Maharbi ke kawo fatar guza da za a rufe bakinta. Tsagiyar da ake ɗaurawa daga wutsiyar doki take fitowa, ƙaron da ake goga mata kuma daga itacen daji. Sau da yawa makaɗin ne da kansa ke tattara waɗannan, ya ɗame fata, ya huda mata kafa, ya kafa jaki, kamar yadda ya ga maigidansa na yi. Ke nan makarantar kiɗa ita ce kuma makarantar haɗi. A gari irin Maƙera, inda sunan wurin ma sana'a yake ambata, ba sai an gaya mana yadda ilimi ke bin hannu daga uba zuwa ɗa ba.

Dalili biyu suka sa sunayen suka ɓace. Na farko, ƙwarya da fata ba su da tsawon rai. Damina ta saki fata, hunturu ya tsaga ƙwarya, sai a sake wani. Na biyu, goge ya daɗe yana tafiya da bori da gidajen magajiya, kuma malaman jihadin 1804 sun yi suka ga irin wannan kiɗa. Wanda ake kallon sana'arsa a kaikaice, ina zai sa sunansa a jikinta?

Sai dai maƙwabtanmu sun nuna mana hanya. Buzaye suna da nasu gogen mai tsirkiya ɗaya, wato imzad, wanda mata ke kaɗawa. A 2013 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada, shekara guda bayan ta sa sana'ar Kiremona. Shi ma da ƙwarya da fata da gashin doki ake yin sa.

Saboda haka kiranmu ga 'yan'uwa marubuta shi ne, ko da mutum ba ya sha'awar kiɗan, tarihi ba ya zaɓen sana'a. Mu nemi tsofaffin makaɗa a ƙauyukan Dutsin-Ma da Kurfi, mu tambaye su wa ya koya musu, shi kuma wa ya koya masa, yaya ake zaɓen ƙwarya, yaushe ake ɗame fata. Mu rubuta. Takardar da ba su liƙa a cikin ƙwarya ba, alƙalaminmu ne zai tsaya a madadinta. Masu iya magana dai sun ce, da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.