Kokowa da Ɗori a Ƙasar Arewa

Duk wanda ya bi Dallol Mawri daga Matankari ya ratsa Dogon Dutsi har ya gangara Tibiri a lokacin kaka, sa'ad da aka gama yankan gero aka ɗaure damma aka cika rumbuna, ba zai rasa jin ganga tana kiran samari zuwa fage ba, domin kokowa a wannan ƙasa ta riga Nasara zuwa, ta riga kafa gundumomi da shata iyaka. Ƙasa ce wadda Gubawa suka fara zama cikinta, sa'an nan Arawa suka riƙe sarautarta, kuma a Lugu ne Sarauniya ta ƙi miƙa wuya ga rundunar Faransa a shekarar 1899. Mutanen da ke da irin wannan tarihi, ba abin mamaki ba ne su girmama wanda ya ƙi yarda bayansa ya taɓa ƙasa. Amma maƙasudina a nan in yi magana a kan wanda bayansa ya taɓa ƙasa, ƙashinsa ya karye, sa'an nan ya sake ɗaura walki.

A da, kokowa sha'anin ƙauye da ƙauye ce. Sarkin samari shi ke aika goron gayyata, baƙi su sauka a gidajen masu masauki, da la'asar a share fage a zuba rairayi, 'yan mata su tsaya gefe, makaɗa su kama kiran kowane gwani da takensa. Ɗan kokowa ya fito da walkin fata, da layu da kambuna a damtse, ya ɗaga hannu ya yi kirari ya ambaci ubansa da garinsu. Ladarsa ba ta wuce goro da 'yan kuɗin kari ba, sai dai sunan da zai bi shi kasuwa-kasuwa har damina ta zagayo. Malamai kuwa, ko da yake sun yi ta inkarin abin da ke cakuɗe da ita na tsafi da bori, ba su haramta asalinta ba, saboda ya zo a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kokowa da Rukana ya kayar da shi.

To, inda ake ɗaga ƙato a buga da ƙasa, ba a rasa targaɗe da gocewar kafaɗa da karaya. A nan ne sana'a ta biyu take shigowa, wato ɗori, wanda galibi gado ne, ɗa ya koya a gaban ubansa. Akan kwantar da mai karaya a kan tabarma cikin zaure, ƙarfafa biyu ko uku su danne shi, maɗori ya yi bisimilla ya bi gaɓar da yatsunsa a hankali, kamar mai laluben allura cikin rairayi, har ya gane inda ƙashin ya rabu. Sa'an nan ya ja, ya daidaita, ya shafa man shanu, ya jera karare ko tsinkayen itace ya ɗaure da tsumma, ya yi tofi. Samarin da jiya suke jin kirarinsa suna tsaye a bakin ƙofa, saboda haka ɗan kokowa yakan cije haƙora ya haɗiye kukansa, gumi kaɗai ke karyo masa.

Amma jarrabawa mafi tsanani tana zuwa ne bayan an kwance ɗori. Ƙafa ta rame, damtse ya saki, kuma zuciya ta riga ta san abin da ba ta sani ba a da, wato cewa jikin nan yana iya karyewa. Mahaifiyarsa tana roƙonsa don Allah ya bari, gona tana jiransa, ganga kuwa ba ta daina kira ba. Wanda ya koma fage bayan wannan ya fi wanda bai taɓa faɗuwa ba jaruntaka, domin na farko ya san farashin abin da yake nema. Sai dai ba shi kaɗai yake komawa ba: abokansa ne suka yi masa gayya suka nome gonarsa, dangi suka kai furar jinya, maɗori ya riƙa zagayowa yana murza gaɓar da ruwan ɗumi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A shekarar 1975, zamanin mulkin Seyni Kunce a Nijar, hukuma ta mayar da kokowa gasar ƙasa baki ɗaya, aka fara a Tawa, Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko, wato kyautar zakaran gasar. Jiharmu ta Doso ba ta zauna baya ba, ga Salma Ɗan Rani wanda yau filin kokowar birnin Doso ke ɗauke da sunansa, ga Isaka Isaka wanda ya ɗauki takobinsa na shida a Agadas a ƙarshen 2023. Yanzu jihohi takwas ke kawo 'yan kokowa goma-goma, ana kallo a talabijin, ana ba da miliyoyi. Kyauta ta ƙaru, haɗari ma ya ƙaru, amma hasken yana kan wanda ya yi nasara, wanda aka fitar a kan gadon ɗaukar majiyyata kuwa sau da yawa labarinsa yakan ƙare a ƙofar fili.

Wasu al'ummai sun yi tunani a kan wannan. A Ingila, likita Ludwig Guttmann ya tara mutum 16 da suka sami rauni a laka, ya shirya musu gasar harbin baka a asibitin Stoke Mandeville a 1948, daga nan aka kai ga wasannin naƙasassu na duniya a Roma a 1960. Kusa da mu kuma, Misbahu Lawan Didi, mutumin Kano wanda shan inna ta taɓa, ya ƙago ƙwallon guragu, har ta bazu ta ƙetare iyaka.

Saboda haka abin da nake kira gare shi tsohuwar al'adarmu ce a cikin sabuwar riga. A ware wa mai rauni rabo daga dukiyar da kokowa ke tarawa, a haɗa maɗori da likita mai hoton ƙashi kada karayar da ta fi ƙarfin zaure ta ruɓe a zaure, a kuma buɗe wa wanda ba zai sake kokowa ba ƙofar koyarwa ko alƙalancin fage. Kakanninmu na Matankari da Tibiri ba su da asusu ko asibiti, amma duk da haka gonar mai karaya ba ta taɓa kwana cikin ciyawa ba. Allah ya ba mu ikon riƙe wannan amana, amin.