Amsoshin Takardunku: Me Ya Hana Brahms Aure?

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi, wanda ke cewa: shin gaskiya ne shahararren mai tsara kiɗan nan na Jamus, Johannes Brahms, ya mutu bai yi aure ba saboda matar amininsa?

To Malam, gaskiya ne bai taɓa aure ba. Ga yadda abin ya faru.

An haifi Brahms a birnin Hamburg a 1833. Yana ɗan shekara 20, wato a 1853, wani abokinsa gwanin goge irin na Turawa, Joseph Joachim, ya tura shi Dusseldorf wajen babban makaɗi Robert Schumann. Da Schumann ya ji kiɗan yaron, sai ya rubuta yabonsa a jarida. Nan da nan sunan Brahms ya bazu.

Ba a yi wata biyar ba sai ƙaddara ta faɗa wa gidan. A watan Fabrairun 1854 Schumann ya samu taɓin hankali, har ya faɗa kogin Rhine. Aka ceto shi, aka kai shi asibiti kusa da Bonn. Matarsa Clara, wadda ita ma gwanar fiyano ce, tana da juna biyu, ga yara shida a gabanta.

A nan ne Brahms ya nuna halinsa. Ya tare a Dusseldorf, yana riƙe lissafin cefane, yana kula da yara in Clara ta fita neman abin da za a ci. Likitoci sun hana ta ganin mijinta, don haka shi ke zuwa dubiya ya kawo mata labari. Wasiƙunsa sun nuna ƙarara cewa son ta ya kama shi, ko da yake ta girme shi da shekara 14.

Schumann ya rasu a watan Yulin 1856. Hanya ta buɗe ke nan, amma aure bai yiwu ba. Daga baya Brahms ya yi baiko da wata budurwa, Agathe von Siebold, sai kuma ya janye a 1859. Shi da Clara dai suka ci gaba da zumunci har shekara 40, yana tura mata sabon kiɗansa ta duba kafin duniya ta ji. Da yawa daga wasiƙunsu su da kansu suka halaka.

Shi ma Joachim sai da suka ɓata. Lokacin da ya zargi matarsa da cin amana, Brahms ya rubuta mata takarda cewa bai yarda da zargin ba. Takardar ta je gaban alƙali, abota ta tsinke. Sai a 1887 Brahms ya tsara wani kiɗa domin sulhu, suka shirya.

Clara ta rasu a watan Mayun 1896. Brahms bai cika shekara guda a bayanta ba, ya rasu a Viyana ran 3 ga Afrilun 1897.

Saboda haka Malam, mutumin da ya ɗaga shi yana yaro, Brahms bai bar iyalinsa sun tozarta ba, kuma bai gaji gadonsa ba. Da fatan ka gamsu. Sai mun ji daga gare ku.